Ba Wuri a Babur ɗin Baba

Ranar da Mai Famfo ya yi ritaya daga gidan ruwa, abokan aikinsa suka ba shi agogon bango da doguwar kujerar hutawa, suka ce ya je ya miƙe ƙafa. Agogon yana nan a falo yana aikinsa. Kujerar kuwa har yau ba a cire mata leda ba, don mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ƙarƙashin injinan tura ruwa da sifana a hannu ba ya iya kwanciya haka kawai yana kallon silin.

A wurin aiki ya samo sunan Mai Famfo, sunan ya biyo shi har gida. Gajere ne kakkaura, ba ya son yawan magana, in ka gaishe shi sai ya amsa kamar ka tashe shi daga barci. Amma ba mugu ba ne. Duk layinsu babu gidan da bai taɓa shiga ya gyara famfo ba, kuma ko ruwa ba ya tsayawa sha. Ciwonsa guda ne, gara a faɗe shi tun yanzu: kishin ƙanensa yake yi. Tun suna yara yake yi, gemu ya fito yana yi, gemun ya yi fari fat bai daina ba.

Su biyu iyayensu suka haifa, shi da Auta. Auta dogo ne mai fara'a da babbar murya, ya ɗauko mahaifinsu kamar an tsaga kara. Shagon labule gare shi a kasuwa. Irin mutanen nan ne da za su zo taro a makare, hannu rabbana, amma kowa ya tashi yana ba su wurin zama.

Mahaifin nasu malamin dabbobi ne, yana zagaya ƙauyuka yana yi wa shanu allura. Lokacin da ya sayi babur, Mai Famfo ya riga ya shiga makaranta, Auta kuwa bai daɗe da iya gudu ba. A rabin sirdin na baya Baba ya ɗaure akwatin ƙarfe na magunguna da noti, ba ya sauka rani da damina. Wuri ɗaya ya rage ke nan, kan tanki. Baba ya kai babur wurin mai walda aka liƙa masa wasu 'yan ƙarafuna biyu a gaba, kowanne bai fi yatsa ba, don Auta ya riƙa ɗora ƙafa. Kullum da yamma in Baba ya dawo, sai ya ɗaga Auta ya ɗora a tanki, su je ƙarshen layi su juyo. Inna ta fito da kwanon ruwa da sabulu ta tsaya jiran mijinta. Babban ɗan kuma yana bakin ƙofa, hannu a baya.

Sau ɗaya ya taɓa tambaya. Baba ya shafa kansa ya ce, "Ba wuri, Babba. Kai ai ka girma." Bai sake tambaya ba.

Da ya isa koyon tuƙi sai ya ce shi ba ya son babur, abin karya ƙafa ne. Ya faɗa ne don a lallashe shi. Ba wanda ya lallashe shi, sai ya ci gaba da faɗa har kowa ya yarda, shi ma ya kusa yarda. Ya yi rayuwarsa a kan keke, daga baya motar ma'aikata, bai taɓa riƙe kan babur ba. Auta kuwa Baba da kansa ya koya masa, har yana da tabon ƙunar salansa a ƙwauri, wanda yake ɗage wando ya nuna wa 'ya'ya duk lokacin da dangi suka taru, ya ba da labarin kamar ba a taɓa ji ba. Mai Famfo kan kalli tabon nan ta wutsiyar ido, ya ji da ma a ƙafarsa yake.

Bayan rasuwar Baba, Inna ta dawo gidan Mai Famfo. Shi ya gina mata ɗaki kusa da nasa, ya sa mata ƙarfen dafawa a banɗaki, shi ke ba ta magani safe da yamma, shi ke yanke mata farce. Da tsufa ya fara taɓa tunaninta, abubuwa suka riƙa zubewa. Ta manta sunayen jikoki, ta manta surukarta, ta manta ma cewa mijinta ya rasu. Wata safiya ya shiga da magani, ta dube shi da kyau, ta gyara mayafi ta ce, "Sannu, mai gyara. Famfon ne ya sake lalacewa?"

Tun daga ranar ya zama mai gyara. Tana girmama shi ƙwarai, abin da ya fi yi masa ciwo ke nan. Takan ce wa matarsa a ba bawan Allahn nan ruwa, yana da kirki. Amma ƙarshen mako, in Auta ya zo da 'yar ledar lemo, tun daga ƙofar gida da ya ɗaga murya za ta miƙe zaune, baki har kunne: "Autana ne! Ku buɗe masa!"

"Kin gani ko?" Mai Famfo ya ce wa matarsa a kicin. "'Yan lemo. Ɗaya ma ya fara ruɓewa."

"Ciwo ne, Baban yara. Ba da gangan take yi ba."

"Ciwon ya san wanda zai manta ai."

A lokacin da ya ajiye aiki ne aka zo kwashe kayan tsohon gidansu. A ɗakin ajiya, ƙarƙashin tsofaffin katifu, aka tarar da babur ɗin Baba a jingine, tayoyi sun kwanta, tsatsa ta cinye shi. Auta ya ce a kira masu sayen ƙarfe. Mai Famfo ya ce shi yana so, ya kuma shirya faɗa, har ya tanadi maganganun da zai yi.

"Ɗauka mana, Yaya," in ji Auta. "Me zan yi da shi?"

Kamar mai ba da tsohon takalmi. Wannan sauƙin ma ya ɓata wa Mai Famfo rai, don ya so a ce sun yi ja-in-ja ya ƙwace.

A amalanke aka kawo shi. Ya sa aka sauke a rumfar tsakar gida, daidai tagar Inna, kuma ba haka kawai ya zaɓi wurin ba. Ya lura cewa shekarun kusa ne suka ɓace mata, na da suna nan daram. Har yanzu in yamma ta yi takan kasa kunne ta ce, "Malam bai dawo ba?" Sai ya yi lissafinsa shi kaɗai: in ta ji ƙarar babur ɗin nan ta fito, ta gan shi a kai riƙe da kansa, dole ta gane wannan ba mai gyara ba ne, ɗan gida ne. Uwarsa yake so ta san shi, ko sau ɗaya kafin ta bar duniya. In kuma hakan ya zo da Auta a tsaye bakin ƙofa yana kallo, to ba laifi.

Aiki kam ya yi shi. Ya kwance babur ɗin kaf, ya jera kayan a farantan matarsa, ƙanana a ƙaramin faranti, manya a tire, har ta gaji da magana ta sayo wasu. Fistin ya kafe, ya jiƙa shi da baƙin mai ya yi ta lallaɓa shi kullum da ɗan katako har ya motsa. Tankin ya zuba masa kananzir da tsofaffin notuna, ya rungume shi yana girgizawa, maƙwabta suka leƙo ta katanga suna tambaya ko lafiya. Zanzaro ya yi gida a cikin salansa. Kafireto kuwa, mai haɗa fetur da iska, da tsohon buroshin haƙori ya wanke shi, ya bi ramukan da siririn waya yana hurawa da baki, abinci ya riƙa yi masa ɗanɗanon fetur. Ya zaga kasuwar tsofaffin kaya rumfa rumfa yana neman ringin fistin, abin da bai samu ba ya yanka da hannunsa, yadda ya saba yi a gidan ruwa in kaya sun ƙi zuwa.

Ranar da ya zo kan akwatin magunguna, notunan suka ƙi kwancewa, ya sa kurfi da guduma ya fasa su, kuma ya ji daɗin kowane duka. Da ya ɗaga akwatin sai ya tsaya. Gaban sirdin ɓeraye sun yi masa kaca-kaca, amma bayan, inda akwati ya rufe, fatar tana nan baƙa sumul, ba wanda ya taɓa zama a kanta. Ya ɗora tafin hannu ya auna. Ko babban mutum zai zauna ya sake, balle yaro ɗan makaranta. Wurin yana nan tun da can, noti ne kawai ba a kwance ba. Ranar bai ƙara taɓa komai ba, ya rufe babur da tampol ya shiga ɗaki.

Washegari ya fito da zarto ya nufi 'yan ƙarafunan nan biyu na ƙafar Auta. Ya yanke su, ya goge wurin har ya yi santsi, ya shafe da fenti.

"Me suka yi maka?" matarsa ta tambaya.

"Ba na kamfani ba ne. Ni yadda ya fito daga kamfani nake son sa."

Matakan ƙafa na baya kuwa, tun da can Baba ya cire su tunda ba mai hawa. Mai sayar da tsofaffin kaya ya zaƙulo masa wasu daidai da babur ɗin, ya ce ya haɗa da su. Mai Famfo ya tura su gefe ya ce ba mai hawa baya. Da ya ba matarsa labari, ta ce, "Su ai na kamfani ne." Ya yi kamar bai ji ba.

Auta kan leƙo rumfar duk zuwa, da lemonsa a hannu, ya tsaya yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba.

"Yaya, wannan jan ya yi haske. Na Baba ya fi duhu."

"Kai ka san kalarsa? Kana zaune a kan tanki ka rufe ta."

Auta ya yi dariya ya wuce ɗakin Inna. Abin haushin shi ne, gaskiya Auta ya faɗa. Mai Famfo ya jira ya tafi, ya kankare fentin ya sake wani, ya kuma gargaɗi matarsa kada ta sake ta faɗa.

Wata safiya aiki ya ƙare. Babur ya tsaya a tsakar gida yana ƙyalli, har kana ganin fuskarka a salansa. Mai Famfo ya zuba fetur, ya buɗe mai, ya hau, ya ɗora ƙafar dama a kan kik, ƙarfen da ake takawa inji ya tashi. Nan aka samu matsala. Gwiwar nan tun da ya zame a ramin inji shekarun baya ba ta koma daidai ba. Shi kuma ya haɗa injin tsam, ba inda iska ke fita, don haka kik ɗin ya yi tauri kamar sabo. Kyan aikinsa ne ya tsaya masa a gaba. Ya taka, ƙarfen ya dawo ya doke shi, ya ga taurari da rana tsaka. Ya gwada da hagu, saura kaɗan su kife shi da babur ɗin. Ya huta kwana biyu ya sake gwadawa, gwiwa ta kumbura ta yi suntum.

"A kira Auta mana," in ji matarsa tana shafa masa man zafi.

"In na mutu ku kira shi."

"To a tura maka."

 Turi sai da wanda ya san yadda ake sakin kuloci, ita ta sani, shi ma ya sani.

"Baban yara, tsakani da Allah, ko ya tashi ina za ka da shi? Ka iya ne?"

"Injin da ya fi ɗakin nan girma na sha tayarwa."

"Shi ai ba ya tafiya."

Ƙarshen mako da yamma Auta ya shigo ya same shi zaune a benci, ƙafa a miƙe an naɗe gwiwa da tsumma, babur kuma ba tampol. Auta ya ajiye ledar lemo a ƙasa. Ya zagaya babur ɗin a hankali, wannan karon ba shawara ba dariya. Hannunsa ya gangara inda 'yan ƙarafunan suke a da, ya shafa ya ji santsi. Ya ɗago ya dubi yayansa.

"Ya tashi?"

"Ban gwada ba. Fenti nake jira ya bushe."

Auta ya kalli fentin da ya bushe tuntuni, ya kalli gwiwar. Kafin a ce wani abu ya ɗaga doguwar ƙafarsa ya haye. Ya karkata babur ɗin dama ya ɗan girgiza, ya danna kik a hankali sau biyu, sannan ya taka da ƙarfi, yadda Baba yake yi sak. Injin ya kama nan take. Ƙara ce mai kauri, a natse, ba tari ba hayaƙi, ta cika tsakar gidan.

Mai Famfo ya san aikinsa ne yake ji, kuma ya san ya yi kyau. Bai taɓa jin baƙin ciki irin na lokacin ba. Ya miƙe yana ɗingishi zai shige ɗaki don kada a ga fuskarsa, amma da ya kai bakin ƙofa ya kasa shiga. Ya juyo ya tsaya yana kallo. Ya mayar da hannayensa baya.

Labulen ɗakin Inna ya motsa. Matar da ta daɗe ba ta fito ba sai an riƙe ta, ga ta nan tana dafa bango, da kwanon ruwa a ɗaya hannun yana tangal-tangal, da guntun sabulu a ciki. Ta nufi babur kai tsaye, ta dubi Auta.

"Malam, ka dawo?"

Matar Mai Famfo ta rufe baki da hannu. Auta ya sandare a kan sirdi. Mai Famfo kuwa ya ce a ransa shi ke nan, an gama da shi. Auta ya zama Auta, ya kuma zama Baba, shi da ya ƙare watanni yana shaƙar fetur yana nan a mai gyara.

Inna ta sunkuya ta ajiye kwanon. Da ta ɗago, idonta ya sauka a bakin ƙofa, ya tsaya a can. Fuskarta ta canza. Ta juya wurin Auta, ta ɗaga murya sama da ƙarar injin, murya irin ta da wadda suka daɗe ba su ji ba.

"Malam, yau kam sai na faɗa. Kullum ƙaramin, kullum ƙaramin. Kai ba ka da ido ne? Ga Babbana can bakin ƙofa." Ta nuna shi da yatsa. "Dube shi, hannu a baya, ya turo baki. Ba zai roƙe ka ba, wannan ba ya roƙo, sai dai ya tsaya abin ya yi ta cin sa. Ni nake ganin sa in kun tafi. Ko abinci ba ya iya ci."

Ta leƙa bayan babur ɗin.

"Ai ga shi ma ka sauke akwatin. To me ya rage? Zo, Babba. Zo, babanka zai ɗauke ka."

Mai Famfo ya tsaya yana kallon ta. Duk lissafinsa a kan babur za ta gane shi, ashe a inda ya saba tsayawa ta san shi. Kuma ashe tana gani. Duk yammacin nan da ya ɗauka ba wanda ya san yana wurin, tana tsaye da kwanon ruwa tana kallon sa. Hawaye suka zubo masa, bai ko share ba, don hannayen suna baya kuma duk baƙin mai ne.

Auta ya sunkuyar da kai, ya ce ƙasa-ƙasa yadda Inna ba za ta ji ba, "Hau, Yaya."

Matarsa ta buɗe ƙofar gida, ta dawo ta kama shi ya ɗaga gwiwar da ƙyar. Ya zauna a kan baƙar fatar nan. Ƙafarsa ta dama ta laluba neman mataki, ta samu iska. Ta hagu ma haka. Auta ya leƙa ƙasa.

"Ina matakan?"

"Tuƙa kawai."

"Riƙe rigarsa da kyau," in ji Inna. Ya riƙe.

Haka suka fita layi, dattijo mai farin gemu a bayan ƙanensa, ƙafafu a buɗe suna lilo. Mai shago ya fito, tela ya bar keke ya leƙo, duk mutanen da suka shekara suna jin sa yana cewa babur abin karya ƙafa ne. Bai ga ko ɗayansu ba. Iska yake ji a fuska, da bugun injin yana hawowa ta cikin sirdi. Kafaɗun Auta suna rawa, bai san ko dariya yake yi ko kuka ba, bai kuma tambaya ba.

A ƙarshen layi Auta ya rage gudu. "Nan Baba yake juyawa."

"Da kai yake juyawa a nan. Ni wuce."

Auta ya karya kwana ya hau babban titi. Garin karyawar ne ƙafar da ba ta da wurin zama ta manne da salansa. Mai Famfo ya ja iska ta haƙori. Auta ya taka birki ya waiwayo.

"Ka ƙone?"

"Na ce ka wuce."

Sai da rana ta kusa faɗuwa suka dawo. Inna ta riga ta koma ɗaki ta yi barci, kwanon ruwan yana nan inda ta ajiye shi.

Da safe ya shiga mata da magani, wando a naɗe har gwiwa don kada ya goge ciwon. Ya tsaya kaɗan a bakin ƙofa kafin ya ƙarasa, ko Allah zai sa. Ta ɗago ta dube shi, ta gyara mayafi.

"Sannu, mai gyara. Me ya same ka a ƙafa?"

"Ƙunar salansa ce, Inna. Babur ɗin Baba."

"Allah sarki," ta ce tana girgiza kai. "Autana ma yana da irinta."

Ya sa mata maganin a tafin hannu, ya riƙe mata kofi har ta haɗiye, ya goge mata ruwan da ya zubo a haɓa. Sannan ya juya ƙafar wajen haske don ta gani da kyau.

"Tawa ta fi tasa girma, Inna," ya ce.